Maɓallin ɗaga ralanti a motar a-kori-kura: igiyar hannu, bututun iska ko wayar kwamfuta?

Duk wanda yake aiki da Hilux ko Land Cruiser a jihar Maraɗi, musamman a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi yake haura digiri 40, ya san halin da mota take shiga idan ta daɗe a tsaye injinta na aiki. Kilim ya rage sanyi, fitilu su dushe, idan kuma akwai firijin alluran rigakafi ko lasifika ko inbata a baya, batir ya riƙa raguwa alhali injin bai mutu ba. Dalilin haka shi ne, a ralanti, wato silo, injin gazuwal yana juyawa ne tsakanin sau 650 zuwa 800 a minti, kuma duk abin da bel yake ja, daga altaneta zuwa kwamfaresan kilim da fanka da famfon ruwa, da wannan saurin yake tafiya. Altanetar da aka rubuta wa amfiya 80 a jikinta ba ta ba da wannan adadi sai an ɗaga injin. A ralanti wani kaso kawai take samarwa. Shi ya sa masu motocin asibiti da ma'aikatan da suke yini a ƙauyukan Dakoro da Mayahi da masu shela da lasifika a kasuwanni suke neman maɓallin da zai riƙe injin a kan juyi 1,000 zuwa 1,300 ba tare da an ɗora ƙafa a kan totur ba.

Kafin a kashe ko dala, ya kamata a auna. A sa mita a kan ƙafafun batir injin na ralanti, a kunna duk abin da aka saba kunnawa a wurin aiki, a jira minti biyar. Idan mita tana nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4, altaneta tana iya ɗaukar nauyin, kuma ta fuskar wuta ba a buƙatar wani maɓalli. Idan ta sauka ƙasa da 13 tana gangarowa wajen 12.6, to daga batir ake ci. A nan sai a taka totur a hankali har allura ta kai 1,200 a sake dubawa. In lambar ta hau ta zauna, ɗaga ralanti zai yi amfani. In ba ta motsa ba, matsalar tana ga altaneta ko bel da ya saki ko ƙafar batir da ta yi gishiri, kuma babu maɓallin da zai gyara wannan.

Akwai dabaru biyu da ake yawan gani waɗanda ba su cancanci dogon bayani ba. Ta farko ita ce a tokare totur da sanda ko a ɗora masa dutse, wanda girgizar injin kan iya gusar da shi ya ƙara danne totur direba yana can ƙarƙashin bishiya. Ta biyu ita ce a sa bakanike ya murɗa kusar ralanti a kan famfon gazuwal har injin ya zauna a 1,000 kullum. Wannan yana sa giya ta riƙa ƙara wajen shiga, mota ta riƙa ture birki a cunkoson bakin Babbar Kasuwa, kuma ana ƙona man da ba a buƙata a kowace tsayawa. Abin da ake nema shi ne ralanti mai hawa idan an so, mai sauka da kansa idan mota za ta tashi.

Ba mai mota ne yake fara zaɓe ba, injin ne. Motocin da suke yawo a nan kashi biyu ne. Akwai masu famfon gazuwal na ƙarfe zalla, waɗanda igiya take tashi daga totur ta ja hannun famfon kai tsaye, kamar injin 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3 a tsofaffin Hilux, da 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida da Toyota ta fara sa wa Land Cruiser tun 1990. Sannan akwai waɗanda kwamfuta take sarrafawa: 2KD da 1KD na Hilux Vigo, 2GD da 1GD da suka shigo daga 2015, da injin esansi 2TR mai lita 2.7 da ya cika garin. Injin 5L-E yakan ruɗi mutane domin kamanninsa na tsohon inji ne, amma famfonsa a hannun kwamfuta yake, saboda haka a kashi na biyu yake. Wanda bai tabbatar da nasa ba ya duba farantin ƙarfe ko takardar da ke manne a ɗakin injin ko a bakin ƙofa, inda aka rubuta lambar injin.

Ga masu famfon ƙarfe, hanya mafi sauƙi ita ce igiyar hannu: wani ƙulli a ƙarƙashin sitiyari da ake ja a murɗa ya kulle, yana riƙe totur a inda aka bar shi. Land Cruiser da yawa masu 1HZ da ita suka zo daga kamfani. Ba ta buƙatar wuta, ƙura ba ta dame ta ba, duk bakaniken da ke bakin tasha zai iya gyara ta, kuma tana ba da damar a zaɓi kowane juyi ake so, ko 900 ko 1,500, abin da yake da amfani ga mai winci, wato injin jan mota da igiya, idan ya kafe a rairayin hanyar Bermo, domin winci a ƙarƙashin nauyi yana jan ɗaruruwan amfiya. Aibinta ɗaya ne, amma babba ne: ba ta san abin da direba yake yi ba. Ko an sauke birkin hannu, ko an sa giya, ko an taka birki, tana nan riƙe da totur har sai hannu ya sake ta. Wasu direbobi ma sun mai da ita abin hutar da ƙafa a doguwar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, wanda hakan ganganci ne, domin ranar da akuya ko amalanke ya faɗo titi, ƙafa za ta taka birki injin yana ci gaba da turawa. Ga motar da mutum ɗaya mai natsuwa yake tuƙawa, igiyar hannu ta wadatar. Ga motar ma'aikata da direbobi uku suke karɓa-karɓa a kanta, ban ga hikimar sa ta ba.

Hanya ta biyu ga waɗannan injuna ita ce, a ganina, mafi dacewa, kuma abin mamaki yawanci rabin kayan aikin yana nan a cikin motar. Idan motar ta zo da kilim daga kamfani, a duba gefen famfon gazuwal: za a ga wani ɗan gwangwani mai kama da murfin kwalba, da sanda siririya da ta fito daga cikinsa ta nufi hannun totur, da baƙin bututun roba da ya tafi zuwa wani ƙaramin bawul mai wayoyi biyu. A duk lokacin da kwamfaresan kilim ya kama, wannan bawul yana samun wuta ya buɗe, iskar zuƙa ta ja fatar da ke cikin gwangwanin, sandar ta ɗan ja hannun totur, injin ya hau zuwa wajen 1,000 don kada nauyin kilim ya kashe shi. Abin da ake yi kawai shi ne a ba wa wannan bawul hanya ta biyu ta samun wuta, ta maɓallin da direba zai danna. Akwai kusa a jikin na'urar da ake daidaita iyakar hawan da ita, amma a tuna duk inda aka ajiye ta, nan ne kilim ma zai riƙa kai injin, don haka kada a wuce gona da iri.

Haɗin wayar yana da wurare biyu da ake yawan kuskure. Na farko, idan aka jona wayar maɓalli kai tsaye a kan wayar bawul, wutar za ta koma baya ta bi layin kilim, kwamfaresa ya kama ko da ba a kunna shi ba, ba tare da kariyar da take yanke shi idan gas ya ƙare ba. Maganin wannan diyod biyu ne, wato ɗan abin da yake barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, irin 1N4007 da ake samu wurin masu gyaran rediyo, ɗaya a layin kilim ɗaya a layin maɓalli, kowanne zoben da ke jikinsa yana fuskantar bawul. Bawul ɗin ba ya jan ko rabin amfiya, saboda haka wannan diyod ya ishe shi. Sai dai a wasu motoci ba wutar ake yankewa ba, mas ake yankewa, wato hanyar komawar wuta zuwa jikin ƙarfen mota, don haka dole mai wutar mota ya auna wayoyin biyu kilim a kunne da kuma a kashe kafin ya yanke komai. Na biyu shi ne bututun iska. Famfon da yake samar da wannan iskar zuƙa, wanda a injin 3L da 5L yake manne a bayan altaneta, shi ne dai yake taimakon birki. Bututun da rana da ƙurar hunturu suka busar har ya tsage zai sa birki ya yi tauri. Idan za a taɓa wannan layi, a sayi sabon bututu, kada a tsinto na tsohuwar mota.

Fifikon wannan hanya a kan igiyar hannu shi ne, tunda da wuta take aiki, ana iya gindaya mata sharuɗɗa. Ana ɗauko wutar daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli, a sa fis na amfiya 5 kusa da inda aka ɗauko, a bi ta maɓalli zuwa ƙafa mai lamba 86 ta rile, wato ɗan akwatin maɓalli da wuta take kunnawa. Ƙafa ta 85, maimakon a ɗaure ta a jikin mota, sai a kai ta ga ɗan maɓallin da ke gindin birkin hannu, wanda yake ba da mas idan an ja birkin sama ya kunna jar fitilar tabulo. Ta haka rile ba zai kama ba sai birkin hannu yana sama, kuma da zarar an sauke shi injin ya koma ralantinsa. Wutar da za ta je bawul tana shiga ta 30 ta fita ta 87. Akwai wani tarko a nan da ba kowa ya lura da shi ba: wannan jar fitila ita ce kuma take kamawa idan man birki ya yi ƙasa, domin layi ɗaya suke bi. Idan ba a sa diyod tsakanin tabulo da wurin da aka jona ba, zobensa yana fuskantar birkin hannu, to ranar da man birki ya ragu rile zai samu mas ta can, injin ya ɗaga mota tana tafe, a daidai ranar da birkin yake da rauni. Wanda ba ya son wannan lissafi ya ɗaura wani ƙaramin maɓalli na daban a ƙarƙashin hannun birkin. Ana iya ƙara rile na biyu da wayar fitilar birki ta baya take kunnawa, a bi da layin ta ƙafafunsa 30 da 87a, yadda taka birki kaɗai zai yanke komai. A motar otomatik kuwa wajibi ne a haɗa da layin da yake nuna giya tana P, wato fakin. A mota mai giyar hannu, inda sau da yawa babu abin da yake nuna giya a sake take, a sani cewa injin gazuwal a juyi 1,200 yana iya jan mota ko birkin hannu yana sama, balle wanda rairayi ya cinye takalmansa.

Idan aka koma ga motoci masu kwamfuta, lissafin ya sauya gaba ɗaya, domin babu igiyar da za a ja a wajen injin, babu gwangwanin iska. Kwamfutar ce take ɗaga ralanti da kanta idan kilim ya kama, kuma hanyar da ta fi tsabta ita ce a roƙe ta ta ƙofar da kamfani ya tanada. Wasu Hilux da Land Cruiser da aka ƙera don kasuwannin Turai da Ostireliya suna zuwa da maɓallin ɗaga ralanti a tabulo, kuma a wasu motocin da ba a sa maɓallin ba ana tarar da soket ɗinsa a naɗe a bayan murfin da aka toshe gurbin da shi. Idan aka yi sa'ar haka, aikin bai wuce sayen maɓalli na asali a soka ba, kuma duk sharuɗɗan tsaro suna cikin kwamfutar. Amma akwai abubuwa biyu da za su iya sanyaya gwiwa. Motocin da suka shigo ta Kwatano ko Lome ko Dubai kowacce da tsarin wayoyinta gwargwadon ƙasar da aka yi ta dominta, don haka abin da aka samu a Hilux ɗin maƙwabci ba lalle a same shi a taka ba. Sannan a wasu samfura an yi maɓallin ne don ɗumama injin da ɗakin mota a ƙasashe masu sanyi, yana daina aiki da zarar ruwan lagireto ya yi zafi, wanda a Maraɗi ba ya ɗaukar lokaci. Littafin zanen wayoyi na ainihin samfurin motar ne kaɗai zai raba gardama.

Yawancin bidiyoyin da ake gani a YouTube kan wannan aiki na manyan motocin Amurka ne. Ford ta tanadar wa motocinta na Super Duty, irin su F-250 da F-350, wani tsari mai suna SEIC, inda ta bar wayoyi a yanke a ƙarƙashin tabulo musamman don wannan buƙata, kuma kwamfutar ba ta amsawa sai giya tana P, birkin tsayawa a ɗaure, ƙafa ba ta kan birki ko totur. A motocin Ram masu injin Cummins kuwa da maɓallan riƙe gudu na sitiyari ake yi bayan an buɗe tsarin a kwamfuta. Wanda yake da irin waɗannan motoci, su kuwa ba su da yawa a nan, ya bi hanyar kamfaninsu. Abin gudu shi ne a kalli launin waya a bidiyon Ford a zo ana neman irinsa a cikin Hilux.

Saura hanyar da masu wutar mota suka fi saurin kawowa idan babu ƙofar kamfani, wato a yanka wayoyin totur a saka rezista ko abin murɗawa irin na ƙarar rediyo, don a yaudari kwamfuta ta ɗauka an ɗan taka. Tana iya aiki, amma ita ce mafi haɗari a cikinsu duka. Totur na zamani yana da na'urorin awo biyu da kwamfuta take ba wa bolt 5, kowacce tana mayar da nata saƙo. A motocin Toyota da yawa, idan ba a taka ba, ɗaya tana kusa da bolt 0.8, ɗayar tana kusa da 1.6, kuma kwamfutar tana gwada su da juna a kowane lokaci. Da zarar tazarar da ke tsakaninsu ta kauce, sai fitilar injin ta kama, lamba irin P2121 ko P2138 ta fito, mota ta ƙi karɓar wuta ta koma rarrafe. Wannan yana nufin dole a yaudari layukan biyu tare, daidai wa daida, ta cikin ƙafafun rile waɗanda ƙura da girgizar hanyar laterit za su ci a hankali. Kuma ko babu maɓallin a kunne, saƙon totur na kullum ta waɗannan mahaɗai zai riƙa bi, ma'ana an saka rauni a layin da ran mutanen cikin motar ya rataya a kansa. Idan kuma bolt 12 ya taɓa layin bolt 5 bisa kuskure, kwamfutar ce za ta ƙone, kuma kuɗin sayo wata kwamfutar daga Kano ya ninka kuɗin aikin sau da yawa. Akwai akwatunan da ake sayarwa masu soket da ake sokawa tsakanin totur da wayarsa ba tare da yanka ba, masu layin birkin hannu nasu. Waɗannan sun fi haɗin hannu nesa ba kusa ba, muddin an yi su don ainihin samfurin motar. Duk da haka, idan na auna, a jerin fifiko zan sa su ƙasa da hanyar da kamfani ya tanada, in sa yankan waya a can ƙarshe inda ba na ba kowa shawarar zuwa.

Ga mai mota mai kwamfuta da ba ta da wannan tanadi, sau da yawa amsar ba ta wajen ralanti take ba. Idan buƙatar ita ce firiji ko cajin wayoyi ko lasifika na wasu awowi, batir na biyu da rile mai raba shi da batirin tayar da mota, tare da farantin sola a kan rufi, zai yi aikin injin yana kashe, kuma rana ba abin da ake nema ba ne a wannan yanki. Wannan lissafi ya ƙara ƙarfi ga masu injin esansi tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa ya daina arahar da aka saba. Sai dai batir na biyu ba ya juya kwamfaresan kilim, don haka motar asibiti da take jiran mara lafiya da rana tsaka tana nan da buƙatarta.

Ta fuskar lafiyar injin, ralanti mai tsawo ba alheri ba ne ga gazuwal ko ta wace hanya. A ƙaramin juyi wutar cikin silinda ba ta yin zafin da zai ƙone man sarai, sai baƙin toka ya taru a bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin, da salansa, a motocin da suke da matatar hayaƙi ta DPF kuma ta toshe da wuri. Ɗaga injin zuwa 1,100 ko 1,200, musamman da nauyin kilim da altaneta a kansa, yana rage wannan, amma yana ƙara shan mai, kuma awowin da injin ya yi a tsaye ba sa fitowa a lissafin kilomita, saboda haka motar da take irin wannan aiki a riƙa yi mata juyen baƙin mai kafin lokacin da aka saba. Wuce 1,500 ba shi da wata riba ga yawancin ayyuka. A kuma kula da inda aka tsaya: bayan girbi, busasshiyar ciyawa da karan gero a ƙarƙashin salansa mai zafi suna iya kamawa, haka nan ba a barin injin yana aiki a cikin rufaffen gareji. Mai injin turbo ya kashe maɓallin ya bar motar ta yi minti ɗaya ko biyu a ralantinta na asali kafin ya zare makulli.

Ko wace hanya aka zaɓa, ranar karɓar mota daga gareji kada a wadatu da ganin allura ta hau. A dubi mahaɗan wayoyin a tabbatar an like su da dalma an rufe, ba murɗe su aka yi aka naɗe da salatif ba, a ga fis ɗin da ido, a tabbatar wayar da ta ratsa bangon ɗakin injin ta bi ta cikin roba. Sannan a kai motar fili, a sa duwatsu a gaban tayoyi, giya a sake, a danna maɓallin. A sauke birkin hannu a ga ko injin ya sauka nan take, a mayar a taka birki a sake gani, a kashe kilim a leƙa a tabbatar kwamfaresa ba ya juyawa, a zare soket ɗin tankin man birki a haɗa ƙafafunsa birkin hannu yana ƙasa a ga ko injin zai ɗaga. A ƙarshe a kashe motar maɓallin yana kunne, a zare makulli, a sa mita a kan wayar da take shiga maɓallin: kada a samu wuta ko kaɗan.